Shukar da ke Cikin Tukunyar Miyata

Baban Hanifa,

Aminci ya tabbata a gare ka a inda kake kwance. Ni da kullum nake auna wa mutane kaya a unguwar Xiaobei, nan ƙasar Sin, ina aikawa Kano, na san babu jirgin da zai kai maka wannan takarda. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma ba kowa zan faɗa wa ba.

Muna lafiya. Hanifa ta fara gyara mini Sinanci a gaban masu shago a kasuwar Canaan, ko kunya babu. Hajiyarka ta ce mu tattara mu koma gida. Na ce mata to, amma akwai abin da ban gama da shi ba a garin nan.

Sabo nake nufi, abokin aikinka a binciken tsirrai, wanda ka nema wa gurbi a jami'arku, ya ci tuwona har ya san inda nake ajiye yaji. Ɗalibanka sun ba ni labarin tafiyarku ta ƙarshe kurmin Hainan. Zazzaɓi ya kayar da kai, shi kuwa ya ɗauki motar ya koma gari saboda kada taro ya wuce shi, wai jinjiri ne kawai ake ɗauka asibiti don zazzaɓi. Kafin motar ta dawo, mai aukuwa ta riga ta fara aukuwa. Na san ajali ne. Amma ajali ne ya tuƙa motar?

Ina cikin takaba ya zo gaisuwa. Bakinsa na Allah ya jiƙa, idonsa na baranda, kan shukokin nan biyu masu yaɗo da ka ɗauko daga kurmi. Ka tuna? Ɗaya a tukunyar roba, wadda ka ce ko a bakin titi ana samunta a can. Ɗayar a tsohuwar tukunyar miyata da ka sace ka huda mata gindi, muka yi ta faɗa. Ita ce wadda ka ce babu wanda ya taɓa raɗa mata suna, wadda matsattsaku suka sha jininka saboda ita. Ka ce ganyensu iri ɗaya ne sak, ko kai sai sun yi fure kake iya rantsewa, furen kuma sai an shekara da shekaru ana jira.

Ya roƙe ni in ba shi wadda ba ta da sunan, wai amana, zai ƙarasa aikinka. Ashe tuni yana yawo yana cewa shi ya gano ta, zai kuma laƙaba mata sunan shugaban sashensu don a ƙara masa girma. Kai da ka ce a sana'arku mutum ba ya raɗa wa shuka sunan kansa, sai dai abokai su yi masa. To ga abokin.

Na ba shi ta tukunyar roba. Na goge mata ganye, na naɗe ta a leda mai kyau, har da hawayena na raka shi bakin ƙofa. Ban yi ƙarya ba, Baban Hanifa. Bai tambaye ni wacce ba, hannu kawai ya miƙo.

Ta tukunyar miya ta yi fure bana da ruwa ya sauka. Ɗan ƙarami ne, fari, cikinsa ja, yana ƙamshi kamar kanumfari. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka. Ban taɓa gaya maka ba, duk mitar da nake yi kan tsofaffin jaridunka da takalmanka masu taɓo, idan ka fita alfahari nake da kai a gaban mata. Na danne furen tsakanin jarida da katako yadda nake ganin kana yi, na ɗauki tukunyar a jirgin ƙasa har wurin tsohuwar malamarka da ke kula da ɗakin busassun tsirrai. Ta daɗe tana kallon furen da gilashin ƙara girma, sannan ta tambaye ni yadda ake rubuta sunanka daidai.

Ta Sabo ma ta fara tohon fure. An ce ya gayyaci manya su zo su ga ranar da za ta buɗe, har da shugaban da za a yi wa takwara. Ni ma ya gayyace ni, matar marigayi, don a ga kirkinsa.

Na san da kana nan za ka ce in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah, amma zan je. Zan sa shuɗin leshin nan da kake so, in zauna a layin gaba da Hanifa a gefena. Ina so in ga fuskarsa sa'ad da furen bakin titi zai buɗe a gabansu, ya waiga yana neman wanda zai cece shi, ya ga kowa ya kama hanyarsa. Ya ɗanɗana yadda ake barin mutum.

Ka huta lafiya. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu a inuwar da ta fi ta kurmi sanyi.

Matarka da ba ta yafe ba tukuna,
Maman Hanifa