Wurin Hedimasta a Majigi

Ƙofar Kuyambana, Zariya, 1956

Zuwa ga Yaya Haruna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Iya da kowa. Bayan haka, na sami aiki wajen Malam Bahago mai majigi, ni ke ɗaura farin ƙyalle. Ya ce gwaji ne, in na yi kyau zai riƙa tafiya da ni ƙauyuka a mota.

Yaya, na ga abin mamaki! Wani majigi ne na makarantar yaran Turawa. Da farko kana sama kamar shirwa, ga rufin makaranta can ƙasa, yara kamar tururuwa. Sai a riƙa saukowa da kai, har na dafa ƙasa. Ba a ajiye ka ba sai bayan keken wani yaro, kana binsa. Sai ƙararrawa ita kaɗai, ta fi rumbunmu girma. Kafin ka ƙifta ido ga wata yarinya tana dariya a taga. Ga yaron ya makara yana gudu, kiɗa na gudu tare da shi. Sannan fuskar hedimasta, daga ƙasa ake kallonsa kamar ka durƙusa. Wallahi sai da na tuɓe takalmi.

Malam ya nuna mini zaren majigin. Ashe 'yan hotuna ne jere, ana yankawa ana liƙawa. To wa ya hau sama ya ɗauko?

Wassalam. Ƙanenka, Yari.

Soba

Zuwa ga Yari,

Bayan gaisuwa da addu'a, takardarka ta iso, na karanta wa Iya. Ta ce a tambaye ka, da aka kai ka sama, wa ya riƙe ka? Ni kuwa magana ɗaya ce. Damina ta matso. In mutumin ya ɗauke ka, madalla. In bai ɗauka ba, ka dawo gona, kallo ba ya cika rumbu.

Haza wassalam. Yayanka, Haruna.

Ƙofar Kuyambana

Yaya Haruna,

Ina gaisuwa, a gaida Iya. Yaya, na yi ɓarna.

Zaren ya tsinke daga farko, Malam zai tafi jana'iza, ya ce in liƙa. Da na ɗaga shi a rana sai na ga an sa hedimasta can baya, bayan yara, bayan keke ma. Na ce haba, dattijo guda! Ko a zaure ai babba ake fara ba wuri. Sai na yanko shi na matso da shi gaba, kusa da yarinyar taga.

Bayan magariba muka haska a Ƙofar Jatau. Yarinya ta yi dariya, sai ga tsoho ya ƙura ido. Wuri ya kaure. Wani mahauci ya ce, "Kai, tsohon nan bai tuba ba!" Wata tsohuwa ta ce, "Baba, jikarka ce fa, ka ji tsoron Allah!" Da yaron ya zo a guje sai aka ce, "Ga mai yarinyar nan, yau akwai dambe!"

Yaya, fuskar nan ban taɓa ta ba. Ita ce ta jiya, wadda ta sa na tuɓe takalmi. Jiya faɗa yake, yau so yake. Wuri kawai na sauya masa. Yaya aka yi haka?

Malam ya kulle akwati ya tafi. Ina jin za ka gan ni a gida ran kasuwa.

Naka, Yari.

Soba

Yari,

Bayan gaisuwa. Ka je girmama dattijo ka ɗaura masa zance. Je ka ba maigidanka haƙuri, ka gaya masa dalilinka yadda ka gaya mini. In ya kore ka, gida gidanka ne.

Haruna.

Ƙofar Kuyambana

Yaya,

Gaisuwa. Na je na durƙusa na faɗa masa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekara da shekaru yana haska majigi bai taɓa aurar da kowa ba. Ya sa na mayar da tsoho wurinsa da hannuna. Sannan ya ce in gwada kai shi bayan ƙararrawa, mu gani ko zai zama mai jin yunwa da ke jiran a tashi cin abinci.

Jibi mota za ta Makarfi, da ni a ciki. Gonata a ba ƙanenmu Sani ya shuka.

Wassalam. Yari.