Kwalba Ɗaya Ta Rage

Montevideo, Afrilu

Yaya Elbio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya, kai da matarka Mabel. Yaya hannun?

Ka ce in daina yi maka yaren masana, to saurara. A cikin kowace ƙwayar jijiya akwai saƙo, RNA muke ce masa, shi ke faɗa mata abin da za ta ƙera. Akwai kuma wani furotin da ke riƙe saƙon, ya gyara shi, ya raka shi inda ake buƙata. A cutarka wannan furotin ne ke barin wurinsa ya dunƙule a gefe. Da 'yar fatar da na yanka a damtsenka na raini ƙwayoyin jijiya, don in ga waɗanne saƙonni ya yasar.

Sai dai abin ya ƙi. Sau biyu ina ciro saƙon ina tarar da shi a ruɓe. Kwalba ɗaya ta rage cikin ƙanƙara, rainon wasu kuma sai an kusa shekara. Raina a ɓace yake, amma ban sare ba.

Ƙanwarka,
Zulma

Tacuarembó, Mayu

Zulma sarkin taurin kai,

Muna lafiya, shanu ma haka. Wato furotin ɗin naki makiyayi ne da ya bar garke ya je ya kwanta a inuwa. Da haka kika faɗa tun farko, da tuni na gane.

Hannun dama ya daina riƙe linzami. Jiya Mabel ce ta ɗaura mini sirdi, na hau ina zaginta tana zagina. Ki yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta bi ta kan takardar.

Ki lallaɓa kwalbar nan. Ba na jin ina da shekarar da zan ba ki aro.

Yayanki,
Elbio

Montevideo, Yuni

Yaya,

Ina gaishe ku da kyau. Na kama ɓarawon, kuma kunya kamar in nutse. Mate ne, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa da bututu ɗaya a ƙoƙo ɗaya.

Ka san Don Anselmo, shugaban ɗakin bincikenmu, da flas a hammata aka haife shi. Kullum da hantsi shi ke zuba ruwan zafi, ƙoƙon ya zaga daga baki zuwa baki, ya iske ni har kan teburin aiki. In karɓa da safar hannu, in gyara bututun, in zuƙa, in koma kan kwalabena. Alhali a miyau akwai abin da ke cinye RNA nan take. Kowa a ɗakin ya san haka, a aji ma muna koyarwa. Amma wa ya taɓa kallon mate a matsayin ƙazanta?

Shekaranjiya ya miƙo mini, na maida hannuwana baya.

Ya ce, "Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba nake zuba mate a ɗakin nan. Nawa ne ba ya shayuwa?"

Na ce, "Malam, naka ya fi na kowa daɗi. Amma ko ƙoƙon ya fita, ko in ɗauki yayana mu fita."

"Yayanki kuma? Ina yake?"

Na nuna masa firij.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya ce da sauran, "To me kuke jira, 'yan banza? Ku kwaso kujeru, a baranda za mu riƙa sha." Har yau bai yi mini magana ba, amma da hannunsa ya goge teburina.

Na narkar da kwalbar ƙarshe, Yaya. Saƙon ya fito garau, har na yi kuka. Na ga waɗanda makiyayin naka ya yasar, cikinsu har da wanda jijiya ke gyara kanta da shi in ta ji rauni.

Ba zan yi maka ƙarya ba, wannan ba magani ba ne. Hanya ce mai nisa, kuma ba na jin za ta iso gare ka a kan lokaci. Kafin a yarda da ni ma sai na maimaita aikin da sababbin ƙwayoyi.

Taka har kullum,
Zulma

Tacuarembó, Yuli

Zulma,

Muna gaishe ki. Rubutun Mabel ne, ni nake faɗa tana rubutawa, alƙalami ya fi ƙarfina yanzu.

Na san maganin ba zai iso gare ni ba, tun kafin ki sani. Ba don kaina na miƙa miki hannu ba.

Ki hawo motar Asabar, ki taho da 'yar wuƙarki. Damtsen hagu yana nan da fatarsa. Ki yanka da yawa wannan karon, tun ina nan da zan ce miki yanka.

Mabel ta ce a nan za ta tsaya, idonta ya cika, ba ta ganin takardar sosai.

Yayanki,
Elbio