Wayar da Ke Mutuwa Idan Na Yi Raɗa

Litinin, 3 ga Yuni
Likitan asibitin birnin Mataram ya ce ƙullin nan na nonona sai an cire. Ban faɗa wa kowa ba. Bangon gidanmu na gora ne, ko tari na yi maƙwabciyata Jumenah ta ji daga kicin ɗinta, kuma abin da Jumenah ta ji, kasuwa ta ji.

Laraba, 5 ga Yuni
Na kira 'yata Sumiati a Johor, can Malesiya, bayan ta tashi daga masana'anta. Mun sha hira a kan ruwan sama da tsadar barkono. Da na juya wa bango baya, na rufe bakin wayar da tafin hannu na ce, "Sumi, akwai magana," sai ɗif, kiran ya katse.

Juma'a, 7 ga Yuni
Yau ma haka. Hirar banza tana tafiya lafiya lau, da na rage murya sai a katse. Ko ta gane nauyi zan ɗora mata? 'Yar da na goya. Ban ci abincin rana ba, tsoro nake ji.

Asabar, 8 ga Yuni
Ban kira ba.

Lahadi, 9 ga Yuni
Na sake gwadawa. Ina cikin raɗa sai ga murya ta tsakanin gora: "Ke, saki gindin wayar nan! Kin shaƙe ta kamar za ki yanka kaza!"
Jumenah. Ta shigo ba sallama, wai ɗanta mai gyaran waya ya ce eriyar a gindin wayar take, kuma sabis ɗin ƙauyen nan dama da ƙyar yake numfashi. Ta sa na riƙe da yatsu biyu, layukan sabis suka hau. Na damƙe, suka zube. Har sau uku, don na ƙi yarda.
Na ce to idan ban rufe ba, ai kowa zai ji. Ta ce, "Wa ya rage? Tun ran Litinin na ga kin dawo kina jan ƙafa."
Na sake kiran Sumiati, na faɗa mata da ƙarfi, wayar a kan yatsu biyu kamar mai riƙe ƙwai. Sumiati ta fashe da kuka. "Inna, ni na ɗauka ke kike kashewa! Na yi ta tunanin laifin me na yi." Za ta nemi hutu.
Alhamdu lillahi. Na ci shinkafa kwano biyu.

Talata, 11 ga Yuni
Sumi za ta iso jibi. Jumenah ta ce ita za ta riƙe mini jaka zuwa asibiti, ban ce to ba, ban ce a'a ba. Har yanzu bakinta ba ya shiru, wannan ba ta canja ba.
Miyar zogalen yau ta yi mini yawa. Na miƙa mata ta ɓular bangon nan da na daɗe ina cewa zan toshe.