Silinda ta Huɗu Ba Ta da Laifi

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina masu karya mini tabarau. Ya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai mahaifiyarki na fama da gwiwa, ni kuma ina fama da yayanki.

Na san ya riga ni kawo miki ƙara, wai na tsufa, in zauna a gida in bar masa gareji. To ki ji ta bakina. Shekara arba'in da ɗaya ina buɗe ƙofar nan, tun bai san bambancin sifana da cokali ba. Bai faɗi dalilinsa a gabana ba, amma ina ganin yadda yake matso da fuskarsa yana wage baki kamar mai yi wa jariri wasa. Wai kunnena ya yi nauyi. Kunnena lafiyarsa ƙalau, mutanen yanzu ne ke magana ciki-ciki.

Abin da ya tayar da rigimar a-kori-kurar Mai Ƙwai ce, matar nan da ke raba wa shaguna ƙwai daga gonarta. Injin yana misin, wato silinda ɗaya ba ta cin wuta daidai, motar na karkarwa har ƙwai na fashewa a kiret. Yayanki ya jona na'urarsa, ta ce silinda ta huɗu ce. Ya canza fulogi, ya canza kwayil, ya canza nozul, wato bakin da ke fesa wa silinda mai. Sau uku matar na dawowa, a na ukun ta dire masa kiret na fasassun ƙwai a kan tebur ta juya. Yanzu ya ce sai an sauke kan injin.

Na ce ba mai taɓa kan injin nan ina tsaye. Muka yi ta yi a gaban ma'aikata, abin da ya sosa mini rai. Daga ƙarshe na ce ya ba ni kwana biyu. In na gano ciwon, kada ya sake yi mini zancen hutu. In na kasa, zan miƙa masa makullin akwatin kayan aikina in koma gida in riƙa korar ƙudaje.

Kada ki kira don ba ni haƙuri. Wayar ma ta lalace, ba a jin komai a cikinta.

Ki gaishe da kowa.
Mahaifinki.

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin labarin ƙaramar ta warware, ki shafa mini kanta. Mahaifiyarki na gaishe ku.

Ga yadda aka kwashe. Na ɗauko dogon sukundirebana, na dafa bakinsa a jikin nozul na huɗu, na danna mariƙin a muƙamuƙina. Ta ƙashi nake jin inji yanzu, kuma ƙashi ba ya ƙarya. Nozul ɗin na bugawa tsaf-tsaf, daidai da 'yan'uwansa. Sai na koma kan bawul ɗin da muke kira EGR, wanda ke mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji don ya rage zafi. Na yanki gwangwani na toshe bakinsa don gwaji kawai. Nan take karkarwar ta ɗauke.

Da muka kwance bututun shaƙar iska, sai ga abin a fili. Baƙar dauɗar hayaƙi ta hana bawul ɗin rufewa, ta kuma toshe ƙofofi uku cikin huɗu da hayaƙin ke rabuwa ta cikinsu. Duk hayaƙin sai ya riƙa afkawa silinda ta huɗu ita kaɗai, yana shaƙe ta. Ita ce mai lafiyar, shi ya sa take kuka. Na'urar ta faɗi inda ake kuka, ba ta faɗi wanda ya yi dukan ba. Wuni guda na yi ina kankarewa da waya da buroshi, hannuna baƙi ƙirin, raina fari tas.

Yanzu ga abin da ban so rubutawa ba. Da muka mayar da komai, Mai Ƙwai na tsaye, ma'aikata sun kewaye, yayanki ya tayar da motar ina can ina wanke hannu. Na dawo na shiga na zauna. Sitiyari bai motsa ba, kujera ba ta girgiza ba, ni kuma ban ji komai ba. Na ɗauka a kashe take, na murɗa makulli a kan injin da ke aiki. A hannuna na ji ƙarar sitata tana cizon ƙarfe, a fuskokinsu kuma na ga irin ƙarfinta. Kowa ya sunkuyar da kai.

Auta, wayar ba ta lalace ba. Wata takwas ke nan in kin kira ina cewa "to, to, madalla" ban san me na amsa ba. Muryarki ce abin da ya fi yi mini ciwo, ba ta inji ba. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, ga shi na faɗa.

Amma makullin akwatina yana aljihuna, kuma nan zai zauna. Yarjejeniyarmu a kan motar ce, ba a kan kunne ba, kuma motar ta tafi da kiret talatin ba ko tsaga ɗaya. A ranar dai, na fito daga cikin motar na tsaya ina jiran yayanki ya buɗe baki in ba shi amsa. Sai ya ɗauki sukundireban daga kan tebur, ya dafa a jikin injin, ya kai mariƙin kunnensa. Na kama hannunsa na sauke shi zuwa muƙamuƙi. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, ya dube ni sosai don in ga bakinsa, ya ce, "Baba, gobe akwai wata mota mai irin wannan ciwon."

Na ce masa na sani, kuma ya zo da wuri, don ba na jiran kowa.

Ya ce zai kai ni a duba kunnen. Zan je, amma ranar da ba aiki. Ke kuma ki riƙa rubuto mini, da manyan baƙaƙe, tunda 'ya'yanki sun gama da tabarau.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki, makaniki har gobe.