Hannun Latifa Yana Djougou

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Kwana tara ke nan da Latifa ta tafi Djougou. Uwar mijinta, Hajiya Balkisu, ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Na yi mata addu'a, kuma har zuciyata na yi. Amma dai kwana tara.

Shekara huɗu, tun da gwiwoyin nan suka fara, babu ranar da autata Latifa ba ta hawo zem, wato acaɓa, daga unguwar Ganou ta zo nan Zongon Parakou bayan la'asar ba. Ta ɗora ruwa, ta tsoma tawul ta matse, ta gasa min, sannan ta murza man kaɗanya har sai na ce ya isa. Ba na cewa da wuri. Yanzu la'asar na yi sai in kama kaina ina sauraren ƙarar babur a ƙofar gida.

Ruwa tun safe. Gwiwar hagu ta fi ciwo.

Alhamis, 4 ga Yuli

Moumouni, mijinta, ya zo. Ya durƙusa daga bakin ƙofa yadda ya saba, ya miƙo leda. Wai saƙo daga Latifa. Na buɗe na ga wani shuɗin abu kamar ƙaramin matashi marar auduga, da igiyar wuta a jikinsa. Matashin ɗumi ne, in ji shi, a farmasi ta saya. A jona shi a wuta, a ɗora a gwiwa, ya yi ta gashi da kansa.

Da takarda a ciki, rubutunta: minti ashirin kawai. A sa zane tsakaninsa da fata. Kada a shafa man zafi kafin a ɗora. Kada a yi barci da shi. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin na ƙarshen.

Na ce masa na gode. Na tambayi jikin Hajiya. Ya ce da sauƙi, "Latifa ce ma take yin komai, Inna. Wanka, abinci, juyawa. Ba ta yarda da hannun kowa sai nata."

Ba ta yarda da hannun kowa sai nata. To. Ni an aiko min da mai igiya.

Juma'a, 5 ga Yuli

Ban jona ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na jona. Yana aiki, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Ɗumin yana shiga har ƙashi, ba ya hucewa kamar tawul. Na yi sallar la'asar ban dafa bango ba. Da Latifa ta kira ta tambaya na ce, babu laifi dai.

Laraba, 10 ga Yuli

Hajiya Balkisu tana da 'ya mace ta cikinta, Khalida, tana Abidjan da mijinta. Ta zo ta kwana uku ta koma, wai yara suna makaranta. Kwana uku. Tawa ce marar abin yi? Don Allah bai ba ta haihuwa ba tukuna sai ta zama ta kowa?

Ban manta ranar ɗaurin auren Latifa ba. Hajiyar nan ta shigo gidana da haƙorin Makka yana walƙiya, ta ɗanɗana miyata ta ce, "Ashe a Parakou ruwa bai yi tsada ba." Mata suka yi dariya. Ni ma na yi. Shekara bakwai ke nan.

Astagfirullah. Mace tana kwance ina tono miya.

Juma'a, 12 ga Yuli

Muna waya da Latifa bayan magariba, ina ba ta labarin gwiwa, sai na ji ta kawar da baki ta ce, "Ina zuwa, Inna, ga ni nan." Na amsa. Ashe ba da ni take ba.

Da can Hajiya take kiranta. Yaushe ta zama Inna?

Na ce ta je ta yi aikinta. Ta ce, "Inna, fushi kika yi?" Na ce wace Innar? Na kashe wayar.

Litinin, 15 ga Yuli

Habiba maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta tarar da ni da abin a gwiwa. Ta juya shi, ta yaba, ta ce ina ma nata 'ya'yan. Sannan ta ce, "Amma dai, Zinatu, ke kika yi naƙuda, wata ke shan tausa." Da dariya ta faɗa. Ta tafi da turminta ta bar ni da maganar.

Laraba, 17 ga Yuli

Na ƙone.

An ɗauke wuta tun safe, gwiwa ta sa ni gaba, na shafa man zafi mai yawa. Da azahar wuta ta dawo. Na jona, na kai shi lamba uku, ban sa zane ba, na ce minti kaɗan. Kiran la'asar ne ya tashe ni. Gefen gwiwar hagu ya yi ja, ya tashi ya ɗuri ruwa, girman goro.

Duk abu huɗun da ta rubuta, babu wanda ban karya ba.

Habiba ta so ta shafa min man goge baki. Na hana, na zuba ruwan randa har ya daina raɗaɗi. Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: da na ga ƙunar, kafin in ji tsoro daɗi na fara ji.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na ce wa Habiba ta kira Latifa. Ta ce me za ta ce? Na ce ki gaya mata abin da kika gani. Sannan na ƙara, ki ce ba na iya tashi.

Asabar, 20 ga Yuli

Ta zo jiya da hantsi, motar farko. Ko sallama ba ta gama ba ta durƙusa ta ɗaga zanena. Ta daɗe tana kallo. Ta wanke hannu da sabulu, ta wanke wurin da dafaffen ruwa, ba ta fasa kumburin ba, ta shafa magani ta naɗe da bandeji.

"Habiba ta ce ba kya iya tashi."

"Kin san Habiba da ƙari."

Ta ga shinkafar da na dafa da safe a kan murhu, na ga ta gani.

Ta rame. Wuyanta ya fito. Da za ta miƙe sai da ta dafa gado da hannu biyu, kamar ni. Duk da haka da la'asar ta ɗora ruwa ta gasa min gwiwar dama, ta murza man kaɗanya. Na rufe ido. Abin da nake so ke nan wata guda, ga shi na samu, amma wayarta na gefe tana ta dubawa, hannun yana kaina, hankalin yana Djougou.

Na ce, "In kin ƙosa ki koma wajen Innarki."

Ta tsaya da tausar. Ta ce, "Inna, ke in kina jin ciwo kina iya kirana. Kina iya fushi ki kashe waya. Ita ko ƙuda ya sauka a idonta sai ta jira wani ya gani."

Ta ci gaba da murzawa. Ban ce ya isa ba, ita ta daina da kanta.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ta koma. Na sa mata soyayyen wagashi, cukun Fulani, a kwano, ta manta shi a kan tabarma.

Talata, 23 ga Yuli

Ba ta kira ba jiya, ba ta kira ba yau. Na kira Moumouni. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi ƙuna. Na tambayi Hajiya. Ya ce kwana biyun da Latifa ba ta nan, matar ƙaninsa ce ta zauna da ita. Ta ba ta abinci, ta share ɗaki, amma ba ta san ana juya ta duk bayan awa biyu ba. Ta bar ta kwance a gefe guda. Fatar ƙugu ta saɓule, gyambo ya buɗe. Likita ya zo gida ya duba, ya ce irin wannan in ya yi zurfi yakan tafi da mutum.

Bai ce laifina ba ne. Da ma ya ce.

Tawa ƙunar ta fara bushewa.

Alhamis, 25 ga Yuli

Ban ci abincin kirki ba. Na ce wa Habiba zan je Djougou dubiya, ai wajibi ne, surukai ne. Kwana biyu in dawo. Kuma ina so in ga da idona wannan jinyar da ta fi tawa.

Lahadi, 28 ga Yuli, Djougou

Mu huɗu a kujerar baya, gwiwata a matse tun daga tasha har muka iso. Da ƙyar na sauko.

Ban gane Hajiya ba. Matar da take cika ƙofa in ta shigo, wadda 'yan goro na kasuwar nan suke miƙewa in ta wuce, ga ta kamar an ninke zane an ajiye a gado. Bakin ya karkace, yawu na bi ta gefe. Ido ne kawai nata na da. Ta gane ni. Ta yi ta ƙoƙarin magana, abin da ya fito shi ne "Zi... Zi..." Sai hawaye. Na ce, "Sannu, Hajiya. Allah ya sa kaffara ne."

Na zauna na kalli Latifa tana aiki. Ta naɗe zanen gado ta ja shi ta juya ta, ta cusa matashi a bayanta, wani tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙafa don kada dunduniya ta taɓa katifa. Ta wanke gyambon, ta canja auduga. Ta miƙe mata yatsun hannun da ya mutu ɗaya bayan ɗaya tana mata hira. Wa ya koya mata duk wannan? Wai wata ma'aikaciyar asibiti ce ta nuna mata sau biyu.

Hannun Hajiya na dama sanyi ƙalau. Na ce na taho da matashin ɗumin a jaka, a ɗora mata mana. Latifa ta ce a'a, wannan ɓarin ba ya jin zafi, zai cinye mata fata ba ta sani ba. "Mai ji ma ya ƙone," ta ce, ba ta dube ni ba.

Talata, 30 ga Yuli

Yau ya kamata in koma. Na tarar da Latifa a bayan ɗaki ta dafa bango tana numfashi sama-sama, baya ya riƙe. Tun yaushe? Sati uku, wai. Ɗaga mutum ba wasa ba ne.

Na sa ta kwanta rub da ciki. Na shimfiɗa zane a bayanta, na ɗora matashin, lamba ɗaya, na zauna da agogo a hannu. Kafin minti goma ta yi barci. Da ashirin ta cika na cire na shafa mata man kaɗanya, ba ta motsa ba. Rabon da in taɓa bayan yarinyar nan tun tana goye.

Awa biyu ta cika tana barci. Na tsaya a ƙofar ɗakin Hajiya. Ni da ita muka kalli juna. Na kira matar ƙanin Moumouni ta kama min zanen, muka juya ta yadda na ga ana yi. Ban iya sosai ba, ta yi nishi. Na ce, "Yi haƙuri, Hajiya, hannun Parakou ne." Ɓarin bakinta mai rai ya motsa. Ban sani ba ko dariya ce.

Alhamis, 1 ga Agusta

Hutun ranar 'yancin kai ne, gari ya cika da ganguna, ba ranar shiga mota ba ce.

Litinin, 5 ga Agusta

Likita ya ce gyambon ya fara yin ja mai kyau daga gefe, bai ƙara zurfi ba. Na fita tsakar gida na daɗe ina wanke kofi ɗaya.

Ban gaya wa Latifa ni na sa Habiba ta yi ƙari ba. Na fara, ta ce, "Inna, miƙo min audugar can." Ta sani. Ta kuma san na san ta sani.

Har yanzu in ta ce Inna mu biyu muke juyawa. Har yanzu yana sukata, kaɗan.

Juma'a, 9 ga Agusta

Habiba ta kira, wai yaushe zan dawo, kajina sun dame ta. Na ce sai hanya ta bushe, gwiwata ba za ta ɗauki motar nan yanzu ba. Gaskiya ce ai.

Na karɓi jinyar azahar zuwa la'asar don yarinyar ta riƙa kwanciya, ba don komai ba. Kunun da suke dama wa Hajiya ya cika ruwa, shi ya sa take ƙwarewa. Na dama nawa da kauri, na ɗaga ta zaune sosai, ƙaramin cokali, ta gefen hagu, in jira ta haɗiye kafin in ƙara. Ba ta son a goge mata baki da sauri, sai ta ɓata rai. Tana son a fara gaya mata abin da ke cikin kwanon.

Yau ta shanye tas a hannuna. Latifa ta shigo ta ga kwano, ta ce ita ba ta taɓa samun ta wuce rabi ba. Ta karɓi cokalin za ta ba ta ruwa, Hajiya ta kawar da kai tana nemana da ido.

Latifa ta tsaya da cokali a hannu. Na san wannan fuskar da ta yi, irin tawa ce.

Na ce gajiya ce, ta je ta kwanta. Gobe zan gwada sabuwar doya, a dama ta da laushi.