Matata Tana Durƙusa Min Tana Kirana Baba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, na roƙe ka ka sa wannan saƙo ba tare da sunana ba, don a Fagge da an ambaci mutum an gane gidansu har kakansa. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don na san wasu da sun ji maganar rini za su ce wani tsoho ne yake gudun tsufa.

Lokacin da muke tasowa furfura ba abin ɓoyewa ba ce. Mai furfura idan ya shigo zaure matsa masa ake yi, idan rigima ta tashi a layi shi ake kira, ko da kuwa bai fi kowa hankali ba. Yanzu je ka masallacin Juma'a ka dubi sahun gaba, 'yan shekara saba'in ne da gemu baƙi wuluk, su kuma samari a shagunan askin Sabon Gari da kansu suke cewa a mayar musu da gashi fari. Sana'ata fataucin atamfa da shadda ce, ta kai ni Ikko da Kwatano da Abijan, daga baya Jidda da ƙasar Sin. A Jidda na ga dattawa da gemu jajawur na lalle, a Sin da wuya ka ga tsohon da bai rina kansa ba, a Abijan kuwa manyan matan kasuwa da gangan suke barin furfurarsu ta leƙo daga ɗankwali don a san sun daɗe a harkar. Ina jin Yarabanci da Faransanci da Larabcin kasuwa, kuma ni mutum ne mai tambaya, amma duk inda na zaga ban ga wanda furfura ta sa a halin da ta sa ni ba.

Ina da shekara ashirin da huɗu ta fara fito min. Gado ne, mahaifina tela ne a nan Fagge, kafin ya cika arba'in kansa da gemunsa sun yi fari fat. Da na fara neman Hajiya, matata, sai ƙawayenta suka sa min suna Kaka, in na doso ƙofar gidansu sai ka ji ana cewa ga kakanki nan ya zo. Abin ya dame ni, na je kasuwar Sabon Gari wajen wata Bayarabiya na sayi baƙin rinin nan da ake kira dayis. Bayan biki da sati biyu ta kama ni a banɗaki ina shafawa a ɓoye, na ɓata kunnuwana da wuyan rigata, ta yi ta dariya har sai da ta zauna a ƙasa, sannan ta ce, “Kawo nan, Malam Saurayi, ka mayar da kanka kamar gindin tukunya.” Daga ranar ita take yi min. Ranar Alhamis bayan la'asar, sati biyu-biyu, da tsohon buroshin haƙori da murfin gwangwani, ta shafa min basilin a goshi da bayan kunne, ta riƙe haɓata ta ce kar in motsa.

Duk lokacin da zan yi tafiya sai ta rina min ana gobe zan tashi, kuma kullum maganarta ɗaya ce, ka dawo kafin ta fito, wato furfurar. Allah ya sani sau da yawa ban cika wannan ba, sai in yi wata biyu, wata uku. Amma ban taɓa shiga gida da furfura ba. Da na sauka a tashar jirgin ƙasa sai in biya shagon wani abokina mai aski a Sabon Gari, Ibo ne amma haihuwar Kano, zan kira shi Emeka ko da yake ba sunansa ba ne, ya rina min tsaf sannan in nufi Fagge. A lokacin ina ganin wayo nake yi. Shekararmu talatin da takwas da aure, kuma har zuwa bara Hajiya ba ta taɓa ganina da farin kai ba, iyakarta ɗan tsiron da take rufewa da hannunta.

Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da ita. Jikin ya dawo da sauƙi, amma sai mantuwa ta biyo baya. Ta fara da manta inda ta ajiye carbi, sai sunayen jikoki, har ta kai 'yarmu ta fari, wadda ta dawo gidan take taya ni jinya, yanzu a matsayin ƙanwarta take kallonta. Hankalinta ya koma shekarun farko na aurenmu, lokacin da muke zaune a gidan mahaifina. Ni kaɗai ta riƙe. Abinci sai daga hannuna, magani sai daga hannuna, in wani ya miƙa mata sai ta kulle baki. Na bar tafiye-tafiye na zauna, kuma ban ji nauyin hakan ba, na ga kamar dama ce Allah ya ba ni in zauna zaman da ban yi ba a baya. Emeka ya ci gaba da rina min.

Bara sai fatata ta fara ƙin dayis ɗin. Da farko ƙaiƙayi ne, sai ƙuraje masu ruwa a haɓa da ƙeya, na yi ta daurewa ina shafa mai. Wata rana bayan an rina min fuskata ta kumbura har idona ya rufe, na ji maƙogwarona yana matsewa. Likitar fata da ta duba ni ta ce jikina ya daina karɓar sinadarin da ke cikin baƙin rini, kuma kowane karo sai ya fi na baya tsanani, wata rana zai iya toshe min numfashi gaba ɗaya. Ta ce in manta da shi har abada. Na ce to, a raina ina cewa ai dama shekara sittin da shida ta isa mutum ya bar kansa yadda Allah ya yi shi. Limamin masallacin layinmu, wanda ya daɗe yana yi min nasiha a kan baƙin rini, har murna ya taya ni.

Wajen sati biyar da dainawa, wata safiya na shiga ɗakinta da koko da ƙosai kamar kullum. Tana ganina sai ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta zamo daga bakin gado ta durƙusa, da guiwar nan tata mai ciwo, ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, ina kwana.” Na ɗauka tsokana ce irin tata ta da. Na ce, “Hajiya, ni ne fa.” Ta ce, “Na'am, Baba,” ba ta ɗago ba. Na fita na dubi madubi, sai na ga mahaifina yana kallona, gemun, girar, har yadda yake karkata hula. Shekara shida ta zauna da shi kafin ya rasu, kuma Hajiya irin matan da ne masu tsananin kunyar suruki, ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, ba ta taɓa zama a kujera yana tsaye ba, ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. To shi ne yanzu take yi min. Kokon nan har ya huce ba ta taɓa shi ba.

Kafin ku ce in gwada kaza, na gwada. Na sa lalle, gemun ya yi ja, ta kalle ni ta ce wa 'yarmu a kai wa baƙon Makka ruwa a zaure, me ya shigo da shi cikin gida. Na haɗa lalle da shuni kamar yadda na ga Indiyawa suna yi, ya fito wani iri, ba baƙi ba ba ja ba, ba ta gane ni ba. Na aske gemun ƙwal, wannan ya fi muni, ihu ta yi wai ƙato ya faɗo mata ɗaki, don tun da ta san ni da gemu ta san ni. Na kwaɓa kwalli da mai na shafa, zafin Kano ya narkar da shi ya gangaro min har wuya. Wasu rinin da aka ce masu sauƙi ne na ɗiga a bayan kunne kamar yadda likita ta nuna min, kafin washegari wurin ya tashi.

Wata uku da suka wuce na kasa jurewa. Ta rame, zobenta har faɗuwa yake daga yatsa. Na hau adaidaita na je wajen Emeka da kwalin dayis a aljihu. Ya juya fuskata ya duba tabon haɓata ya ce, “Alhaji Kullum-saurayi, wallahi ba da hannuna ba. Shekara talatin ina taya ka yi wa Hajiya ƙarya, amma ba zan taya ka kashe kanka ba.” Na yi masa Hausa, na yi masa ɗan Ibon da na iya, ya ƙi. Ya ce mahaifiyarsa ma haka ta yi a ƙauyensu kafin ta rasu, shi kallon ɗan'uwanta take yi masa, ya haƙura ya zama ɗan'uwan nata. Na dawo gida na shiga banɗaki na shafa da kaina, gemu da gira kawai, na sa hula.

Da na ɗaga labulen ɗakinta ta dube ni ido cikin ido, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Ta ce, “Yaushe ka sauka? Ka rame. Wane ne ya shafa maka wannan, duk ya ɓata maka kunne?” Ta kama haɓata ta juya ta dama da hagu. Ranar ta cinye tuwonta tas, ta sha magani, muka zauna a tsakar gida har magariba tana ba ni labarin wai Baba ya cika shigo mata ɗaki kwanan nan, kunya duk ta ishe ta, in yi masa magana a hankali. Ina dariya, fuskata tana zafi kamar an watsa min barkono. Washegari da safe aka kwashe ni zuwa asibiti, aka yi min allurai, kwana biyu na yi.

'Yata ta yi fushin da ban taɓa gani ba. Ta ce son kai ne, ta ce so nake in bar ta da gawa ɗaya da majinyaciya ɗaya, in na mutu wa zai ba uwarta abincin, baƙin gemun ko farin. Ni ma na faɗa mata magana mai zafi, na ce ita ko a matsayin ƙanwa ai ana kallon fuskarta ana hira da ita, ba ta san me ake ji ba in matar da ka yi shekara talatin da takwas da ita ta durƙusa maka. Ta yi kuka, na yi nadama, mun shirya, amma ta kwashe duk wani rini da ke gidan ta zubar. Abin da wannan kasada ta sayo min kwana goma sha biyu ne. A na sha uku farin ya leƙo, Hajiya ta jawo mayafi.

Yanzu dabarar da muke yi ita ce in shiga a matsayin Baba, in ajiye kwano in ce na umarce ta ta ci, in fita in laɓe a bayan labule. Takan yi loma uku ko huɗu don kar ta saɓa wa suruki. Magani ma haka, sai an ce Baba ne ya ce. Tana raye a kan wannan, amma ramar ba ta tsaya ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne la'asar. Da ta ji adaidaita ta tsaya a ƙofar gida sai ta gyara ɗankwali ta zuba wa ƙofa ido. In na leƙo, tun da ba za ta iya ambatar mijinta a gaban surukinta ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, ko an ji labarin matafiya?” Ni kuma in ce suna hanya. Jiya na ji tana gaya wa 'yarmu a hankali, “Na ce masa fa ya dawo kafin ta fito.”

Akwai kwali ɗaya da 'yata ba ta gani ba, yana ƙasan tsohuwar akwatin tafiyata, kuma gobe Alhamis. Jama'a, me zan yi? In riƙa shafawa jefi-jefi, ko sau ɗaya a wata uku, in sha magani tun kafin in shafa, don mijinta ya riƙa dawo mata ta ci abinci ta ƙoshi, alhali likita ta ce karo na gaba ba lalle in tashi ba? Ko in haƙura in zauna a matsayin mahaifina, ina tsaye a gabanta kullum ina ce mata mijinta yana hanya? Malaman da ke cikin zauren nan, wannan “suna hanya” da nake faɗa mata, ƙarya ce da za a tambaye ni a kanta? Wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan mantuwa, da wanda ya san wani abu da ke baƙanta gemu ba tare da wannan sinadari ba, don Allah kar ku yi shiru, ku rubuta a ƙasa, duk zan karanta.

Da can ni nake tafiya in bar ta tana jira, kuma duk daɗewar da na yi nakan dawo ta gane ni tun daga zaure. Yanzu kullum ina gida, ita kuma har yau jirana take yi.