Kura Mai Haƙorin Malam Habu

Daren Talata, Gezawa

Yau na rama. Tun da Malam Habu mai koyar da lissafi ya miƙe a taron iyayen yara ya ce gumaka nake sassaƙawa a darasina na zane, nake jiran wannan rana.

Na sassaƙa kurar tatsuniyarmu a katako, na ba ta harara-garkensa da karyayyen haƙorin nan nasa. Na shafa tawada, na ɗora takarda, na murza da bayan cokali, har kowane yaro ya samu tasa. 'Yan aji uku da kansu suka fashe da dariya: "Wallahi Malam Habu ne!"

'Yarsa Zulai a ajin take, kuma ita na miƙa wa wadda ta fi fita tas. Ta kifa kai tana kuka, tawadar ta ɓata mata hijabi.

Da la'asar Malam Habu ya same ni, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, don Allah a karɓe takardun nan." Na ce to, a karɓe. Katakon dai yana ƙarƙashin gadona, kuma gobe aji huɗu zan shiga.